Ɗarikar da Na Kafa a Gindin Sikeli

Ni ne Ilu mai sikeli, wanda wasunku suka sani a waya da koren rawani. Waɗanda ba su san ni ba, ba su yi asarar komai ba. Karatuna na allo ya tsaya ranar da malaminmu ya rasu, na boko kuma a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi, saboda haka duk wanda ya ga harafi ya karkace a takardar nan ya miƙe shi da kansa. Abin da nake so a sani shi ne na taɓa kafa ɗarika a garin Makka, ta yi mabiya maza da mata, kuma ita ce ta fitar da ni daga garin.

Ba zan tsaya kan yadda muka bar gida ba, ni da matata Asabe. Mun zo aikin hajji, jirgi ya koma, mu ba mu koma ba. Irinmu ake kira takari. A Jidda wani mutumin Gombe mai yawan fara'a ya karɓi fasfo ɗinmu, ya ce zai yi mana iƙama, wato takardar zama, cikin sati biyu. Yau shekara talatin da ɗaya ke nan. Ina jin cunkoson hanya ne ya riƙe shi.

Zangonmu na farko a Makka Jarwal ne, tun kafin a rushe rabin unguwar a dasa otal-otal. Wani ɗaki muka samu a ƙarƙashin matakala, in ka miƙe tsaye sai ka gaisa da siminti. Akwai wani Bayamale mai gasa burodi a bakin lungunmu. Kullum Asabe ta wuce sai ya kira ta ya ce, "Ya Hajja, wannan ya ƙone, ba mai saye," ya miƙa mata biyu. Mun ci burodin nan wata huɗu, ban ga wanda ya ƙone ba ko ɗaya.

Babu aikin da ban yi ba. Na yi dako, na tura tsofaffi a keke, na yi shara a Mina, na yi rabon abinci a Arfa. Amma babbar sana'ata ita ce tafiya irin ta mai takarda. Ba ka sauri, ba ka waiwaye, carbi a hannu, in ka hango askari, wato ɗan sandansu, sai ka yi kamar kana tunanin lahira. Da wannan tafiyar na shekara talatin ba wanda ya taɓa ce mini tsaya. Kewar gida kuwa ba ta zuwa sai ta hanci. In wata ta jefa daddawa a miya a saman bene, sai in tsaya a lungu kamar an kira sunana.

Allah bai ba mu haihuwa ba. Shekara shida da suka wuce ciwon ƙoda ya kwantar da Asabe. Ranar da ta ga abin ba na tashi ba ne, ta riƙe bakin rigata ta ce, "Malam, kai ka kawo ni garin nan. Kada ka tafi ka bar ni cikin Larabawa, ka san ba na jin abin da suke faɗa." Na ce mata ba inda za ni, in Allah ya yarda a ƙasa ɗaya za mu kwanta. Tun daga ranar ba ni da wani buri a duniya sai wannan: in ci gaba da tafiyata a jikin bango har mutuwa ta same ni a Makka.

A nan Mamuda ya shigo. Iyayensa Hausawa ne da suka biyo ta Sudan tun zamanin tafiyar ƙasa, a Makka aka haife shi, yana da takarda, yana da shagon jakunkuna da akwatuna a Jarwal. Hausarsa rabinta Larabci ne, Ammi yake ce mini, wato kawu, Asabe kuma Khala, wato inna. Binne wanda ba shi da takarda ba ƙaramin aiki ba ne a can. Mamuda ya rufe shagonsa kwana biyu, ya bi ofis-ofis, har aka yi wa Asabe salla a Harami, aka kai ta maƙabartar Shara'i. Shi ya shiga ramin tare da ni. A can ba a rubuta suna a kabari, dutse kawai ake ajiyewa. Duk duniya mutum biyu ne suka san dutsen Asabe, ni da shi. Bayan kwana bakwai ya ba ni ɗaki a saman gidansa a unguwar Zahir, ya ba ni wurin zama a ƙofar shagonsa. Ina rubuta wannan ne don kada wani ya ce na ɓoye alherinsa. Ban ɓoye ba, shi ne ma yake hana ni barcin rana.

Aikina a ƙofar shagon awo ne. Jirgi yana da kilon da ya yarda kowane alhaji ya ɗauka, alhazai kuma suna da nasu ra'ayin. Ina da sikeli mai ƙugiya da na rataye a ƙarfen rumfa. In mutum ya sayi jaka a wurin Mamuda ya je ya cika ta, sai ya dawo in auna, in ɗaure masa ita da koriyar igiyar roba, ƙulli uku, don kada ta fashe a hannun masu lodi.

Wanda bai zauna a gindin sikeli ba bai san alhazai ba. Kowa yana zuwa da takardar saƙo daga gida, wata ta fi takardar gado tsawo. Sallaya, carbi, dabino, bagaruwa, turare, abaya, filas, bargo, buta mai ruwan zinariya. Rabinsu in ka juya gindinsu daga Sin suke, kuma suna nan jibge a Kantin Kwari da Kurmi. Amma a ce an sayo a Makka, shi ne magana. Na ga matar da ta kwana tara a Jarwal, ana kiran salla tana jin limamin Harami da kunnenta, tana cikin shago tana neman mayafi irin na maƙwabciyar ɗakinta.

Wata shekara na samu aikin rabon shinkafa a Arfa, a tantin wasu alhazan jiha. Bayan la'asar, lokacin da kowa ya ɗaga hannu, tsofaffi suna kuka kamar yara, na ga wani Alhaji mai farin tabarau ya juya baya ya toshe kunne ɗaya yana waya. Na matsa da tire, na ji yana cewa, "Kika ce ruwan toka ko ruwan ƙasa? Ki yi magana da ƙarfi, ana addu'a a nan."

Bayan kwana goma sai ga shi a gaban sikelina da jaka kamar saniya.

Na ce, "Alhaji, kilo shida ya ɗaru."

"Baba, duba sikelin nan naka dai."

"Sikelina ba ya ƙarya. Cire bargon."

"Na surukata ne."

"To cire filas ɗin nan biyu."

"Na shugaban ma'aikatarmu ne da matarsa. In na koma babu su, gara kada in koma."

Ya zauna a kan jakar, ya cire tabarau, sai ga hawaye. Hawaye na gaske, har da jan hanci. Ni kuma bakina bai taɓa neman shawarata ba. Na ce, "Alhaji, ranar Arfa ni na miƙa maka shinkafa, idonka a bushe yake. Yau ga shi ya kawo ruwa. Ashe kai ɗan ɗarikarmu ne."

Ya ce, "Wace ɗarika?"

Na ce, "Tsarabiyya."

Waɗanda ke layi suka fashe da dariya. Ni kuwa da na ga an saurara sai na gyara zama na sauke murya, irin ta masu wa'azi. Na ce ɗarika ce babba, ta fi kowace yawan mabiya, kuma ba a shigarta, a ciki ake haihuwar mutum. Wuridinta "kam haza", wato nawa ne wannan, ƙafa ɗari da safe, ƙafa ɗari da yamma. Zawiyarta shagon nan da komai riyal biyu. Halwarta ita ce mutum ya kulle kansa a ɗakin otal ya hau kan akwati ya zauna har sai zif ya rufu. Ba a saɓa wa 'yan'uwa: in na kusa da gadonka ya sayi koren filas, koren filas ya wajaba a kanka, ko ba ka shan shayi. Manyan waliyyanta suna da karama, su ne masu saka jallabiya huɗu a jiki ɗaya su shiga jirgi cikin zafin nan ba su suma ba. Babban zunubi ɗaya ne tak, mutum ya sauka a gida hannu sake. Ranar hisabi kuma ita ce ranar awo a filin jirgi, sai dai a nan wanda ma'auninsa ya yi nauyi shi ne ya shiga uku.

Ban taɓa sa aya ko hadisi a ciki ba, ban taɓa kama sunan wani shehi na gaskiya ba. Jahili ne ni, amma da hankalina. Da na gama sai in ɗaure jakar mutum, in buga ƙulli na uku in ce, "An karɓe ka."

A shekarar farko abin ya yi aikin da nake so. Ana dariya, amma dariya mai ɗan ɗaci. Wata tsohuwa 'yar Maraɗi ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Tsohon banza, ka ba ni kunya." Ta zazzage butoci biyar daga jakarta ta bar su a gabana, ta kama hanyar Harami. Ranar na koma Zahir ina jin kaina kamar na yi wa Musulunci hidima.

Mamuda ma yana dariya daga cikin shago. Wata rana ya fito da waya ya ce, "Ammi, maimaita na halwar nan, in ɗauka wa iyali su yi dariya." Na maimaita, har na ƙara gishiri. Ban san iyalin Mamuda sun kai har Kano da Yamai da Kumasi ba.

Da alhazai suka dawo shekara ta gaba, tun daga bakin titi nake jin ana tambaya, "Ina shagon Shehu?" Na waiga in ga shehun, sai na ga ni ake nunawa. Mamuda ya riga ya shirya. Ya sayo mini koren rawani da alkyabba, ya sa an buga wa jakunkunansa tambari, an rubuta Tsarabiyya da boko da ajami. Igiyar da nake ɗauri da ita kyauta, ya yanka ta gaba-gaba ya zuba a leda, ya sa mata suna Igiyar Shehu. Magana ta bazu cewa jakar da aka ɗaure da ita ba ta ɓata a jirgi. Daga baya na ji har an fara cewa duk wadda ta sauka a Kano jakarta babu koren ƙulli, ba ta gama Makka ba.

Na ƙara wa wa'azina yaji don su ji kunya. Ina zaginsu, suna ɗaukata a waya. In na ce, "Kun baro Ɗakin Allah kun zo layin igiya," sai su ce, "Shehu ya faɗi gaskiya," su gyara tsayuwa a layin. Wata Hajiya mai haƙorin Makka biyu ta durƙusa ta miƙo mini igiya ta ce in tofa mata albarka.

Na ce, "Hajiya, igiyar nan da ita ake ɗaure kwalin sabulu. Ni kuma da kike gani ko Tabara ban kai ba."

Ta dubi ƙawarta ta ce, "Kin ji tawali'u." Ta sayi uku.

A Zahir akwai Hajiya Kaltume, Bahaushiyar Chadi, mai sayar da tuwo a cikin gidanta. A wurinta nake cin abincin rana tun rasuwar Asabe. Ranar wata Juma'a ta ajiye mini kwano da ƙarfi har miya ta fantsala.

Ta ce, "Malam Ilu, jikata ta nuna mini kai a waya."

"Na yi kyau?"

"Ka yi kama da wanda za a kama. Shekara talatin kana bin jikin bango, sai da ka tsufa za ka hau waya da rawani? Shi mai shagon yana da takarda. Kai me kake da shi?"

Na ce ina da Mamuda. Ta dube ni, ta ƙara mini miya.

Duk da haka maganarta ta shige ni. Washegari na sami Mamuda yana jera akwatuna na ce a daina wasan Shehun nan. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ammi, mafi mushkila, babu wata matsala. Wasa ne, kowa ya san wasa ne. Bari alhazan bana su tafi, halas, shi ke nan, mu ƙone rawanin. Ni zan bari wani abu ya same ka? Ni da na shiga ramin Khala Asabe?"

Na koma gindin sikelina. Kuma tunda na ɗauki alƙalami bari in faɗi nawa laifin. Rawanin ya yi mini daɗi. Mutumin da ya shekara talatin ba wanda ya tambayi sunansa, in aka wayi gari manyan mata suna durƙusa masa, alhazai masu tumbi suna neman hoto da shi, sai Allah ya tsare. Ni bai tsare ni ba, ko kuma ya tsare na ƙi.

Bayan sati biyu wani malamin tawagar alhazai ya ratso layi ya tsaya a kaina. Ya ce, "Kai ne mai sayar da igiya da sunan albarka a Haramin Allah?" Na fara yi masa bayani cewa ba'a ce, su nake yi wa dariya. Ya ce ba ya ganin abin dariya, kuma akwai waɗanda aikinsu ne su duba irin wannan. Ya ɗauki hoton shagon ya tafi. Ranar na naɗe rawanin na cusa a ƙarƙashin katifa, na zauna a ɗakina a Zahir kwana huɗu, ko tuwon Kaltume aiko mini ake yi.

Rana ta biyar, bayan azahar, Mamuda ya kira ni a waya. Muryarsa wasai.

"Ammi, maganar nan ta mutu, na kashe ta. Ka zo yanzu, ga wani babban Alhaji zai tashi gobe, ya rantse sai kai za ka ɗaure masa jaka. Na ƙarshe ke nan, wallahi."

"Ka tabbata, Mamuda?"

"Na tabbata. Ka sako rawanin da alkyabbar, hoto yake so."

Na saka. Na hau mota da su, mutane suna kallona. Da na iso na ga babu layi a ƙofar shagon. Jakunkuna masu tambari babu ko ɗaya, an maye gurbinsu da baƙaƙe. Ledojin igiyar kuwa an tattara su duka an tara a kan kujerata, ƙarƙashin sikelina. Mutum biyu suna zaune a ciki da fararen riguna, suna shan shayi. Ba su yi kama da masu neman hoto ba.

Mamuda ya nuna ni ya ce, "Haza huwa." Ga shi nan. Sauran ma da Larabci ya faɗa, da sauri, wataƙila yana zaton kunnena ya tsufa. Ya ce bai san ni ba sai a bakin titi. Ya ce tausayi ya sa ya bar ni ina zama a ƙofar shagonsa, ya kore ni ya fi sau nawa ina dawowa. Ya ce igiya tawa ce, ga ta nan a kujerata, ga kuma shigar da nake yaudarar mutane da ita, sun gani da idonsu.

Na ji kowace kalma. Shekara talatin da ɗaya ko bango ne ya koyi Larabci.

Da suka kama hannuna ban yi gardama ba. Na dai juya na ce masa da Hausa, "Mamuda, da ka ce in zo kawai, da na zo. Rawanin na mene ne?"

Ya juya yana gyara wani akwati da yake a gyare.

A ofishin da aka kai ni, wani jami'i mai gajeren gemu ya zauna da takarda, aka kawo tafinta, wani Bahaushe haifaffen can mai furfura, wanda Hausarsa ta tsaya a ƙofar kicin ɗin uwarsa. Laifin da ake tuhumata da shi babba ne: da'awar shehunta da sayar da abin tsafi. Jami'in ya ce mabiyana nawa ne. Na ce duk wanda ya taɓa zama a kan akwati don ya rufu. Tafinta ya juya, jami'in ya rubuta, fuskarsa ba alamar wasa. Ya ce ina zawiyar take. Na faɗa, ya rubuta. A nan na ga ba'a in ta bi ta bakin tafinta ta hau takarda, ba ta sake fitowa da rai.

Sai ya ce an gaya masa muna da'awar karama. Na ce da Larabcina na kasuwa, ban jira tafinta ba, ƙwarai kuwa, jallabiya huɗu a jiki ɗaya, da wando uku, a shiga jirgi ana tafiya kamar agwagwa. Na tashi na gwada masa tafiyar. Ya ajiye biro, ya rufe bakinsa da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu kansa ya ce mahaifiyarsa ma haka take yi in za ta dawo daga Masar. Ya yage takardar farko ya ce, "Ya Hajji, kai ba boka ba ne, surutu ne ya yi maka yawa." Har na fara gode wa Allah. Sai ya miƙo hannu ya ce, "Iƙama."

Na dubi hannun nan. Hannu ne mai tsabta, da zoben azurfa.

Daga nan sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Na yi sati uku a wani babban ɗaki da Habashawa da 'yan Pakistan da namu. Aka ɗauki zanen yatsuna goma, aka gaya mini da wannan zanen ko da sabon fasfo na zo, na'ura za ta gane ni. Na roƙi wani askari, na ce matata tana Shara'i, a bi da ni ta ƙofar maƙabartar ko daga cikin mota ne in yi mata sallama. Ya ce motar filin jirgi ba ta bi ta can, kuma ba shi ke tuƙi ba. Ya tafi, can ya dawo ya miƙo mini shayinsa da bai kai ga sha ba.

Ranar tafiya aka kira sunana, aka ce an kawo mini kaya. Ƙaramar leda daga Kaltume, da rigunana biyu da mayafin Asabe. Sai kuma wani ƙaton akwati sabo fil, baƙi. Na buɗe. Sallaya goma sha biyu, carbi, dabino, turare, filas, har da bargo. A sama an ajiye 'yar takarda da rubutun Mamuda: "Ammi, don kada a yi maka dariya a gida."

Na daɗe a tsaye a kan akwatin nan. Na ce a raina zan bar shi a nan, in fita da ledata kamar mutum mai zuciya. Sai na hango kaina ina sauka a ƙauyenmu bayan shekara talatin da ɗaya a Makka, hannu sake, mata suna leƙe ta katanga. Jama'a, na ja akwatin. Da aka ɗora shi a sikelin filin jirgi ko gram bai ɗaru ba. Mamuda ya iya aikinsa, a wurina ya koya.

Yanzu ina gidan Sabi'u, ɗan ƙanena, a wani ƙauye bayan Ɗambatta. Ya ba ni ɗakin zaure, matarsa tana ce mini Baba Alhaji. Kwana uku ana zuwa yi mini barka da sauka. Ba wanda ya tambaye ni me ya dawo da ni, ko ina Asabe take kwance. Ana gaishe ni, ido yana kan akwati. Na raba kayan Mamuda kaf, ana ta sa mini albarka. Wata 'yar'uwarmu ta aiko a gaya mini filas ɗinta bai kai na maƙwabciyarta girma ba.

Mamuda ya yi ta aiko saƙon murya a wayar Sabi'u. Wai an ce za a rufe shagon a soke takardarsa, wai 'ya'yansa biyar ya duba. Ban amsa ba. Na kira Kaltume na ce ta je Shara'i ta gaya wa Asabe abin da ya faru. Ta ce, "Malam Ilu, ka manta? Ba a barin mata su shiga maƙabarta a nan. Kuma ko an bar ni, wane dutse zan tsaya a kai?"

Na yi wata guda ina juya wannan magana. Ran nan da hantsi na ce wa Sabi'u ya kira mini lambar Mamuda.

"Ammi." Muryarsa ta karye. "Ammi, ka yafe mini?"

Na ce, "Ba wannan ya sa na kira ba. Ka san dutsen. Ka je ranar Juma'a ka tsaya a kanta, ka yi mata sallama da Hausa, ba da Larabci ba. Ka ce mata ban tafi da ƙafata ba. In kana da ƙarfin hali ka gaya mata wanda ya kira ni a waya."

Ta bayansa ina jin hayaniyar shago, wata mata tana tambayar kuɗin akwati, wani yana cewa a auna masa.

"Zan je, Ammi, wallahi zan je. Sai dai Juma'ar nan akwai 'yan Umara da yawa, ni kaɗai ne a shagon. Bari su ɗan ragu."

Na ce to, na miƙa wa Sabi'u wayarsa. Na zauna a Makka shekara talatin da ɗaya, ban taɓa ganin ranar da suka ragu ba.